'Yata Ta Ƙi Yin Canki-Canka

Zuwa ga Goggo Sailuba,

Assalamu alaikum. Goggo, don Allah ki taimake ni da shawara. Duk wanda na kai wa maganar nan, ko dai ya yi dariya ko ya ce in yi haƙuri. Haƙurin ina yi, dabara ce ta ƙare mini.

Ni malamar firamare ce a cikin birnin Zariya, na haura shekara ashirin ina shan ƙurar alli. Gidanmu yana wajen Ƙofar Kuyambana, babban gida ne na malamai, tun kafin a haifi maigidana ake ɗaukar karatu a zaurensa. Maganar a kan 'yata ce. 'Yar fari ce, a gida ko sunanta ba na kamawa, amma tunda takarda ba ta da ido bari in kira ta Su'ad, ko da yake ba shi ne sunanta ba.

Tun da aka yaye ta ta koma sashen kakanninta, kamar yadda aka saba. Surukina, wanda duk gidan muke kira Baba Malam, shi ya rene ta a gefen buzunsa. Mutum ne da ake tasowa daga ƙauyuka a kawo masa tambayar gado ko ta tsarki, kuma sau da yawa zai saurara har ƙarshe, sannan ya ce Allahu a'alamu, a dawo jibi zai duba. Ba ya jin kunyar faɗin haka ko a gaban wa. Ɗalibinsa kuwa, in ya kuskura ya yi shaci-faɗi a fassarar kalma ɗaya, rufe littafin yake yi, karatun ranar ya ƙare. A wajensa, wanda ya amsa abin da bai tabbatar ba ya ci amanar mai tambaya. Su'ad da wannan ta tashi, ya bi jikinta. Yarinyar da ko tambayarta kika yi gishiri ya ji a miya, sai ta ɗanɗana sau biyu kafin ta ba ki amsa. Da muna alfahari da hakan, Goggo. Wallahi muna alfahari.

Bara ta zauna jarrabawar shiga jami'a, wadda ake yi a kwamfuta, kowace tambaya da amsoshi huɗu a zaɓi ɗaya. Haɗa magunguna take so ta karanta, tun lokacin jinyar kakarta, da ita ce mai karanta takardun magani tana ware na safe da na yamma. Da sakamako ya fito, makinta bai kai ko kusa ba. Kowa ya yi mamaki, don a makarantarsu ba a wuce ta. Maigidana ya ɗora laifin a kan kwamfuta, ƙanensa ya ce hannu aka sa, ni kuma na ɗauka tsoro ne ya kama ta. Ita kanta kuwa ba mu tambaye ta yadda ya kamata ba.

Bana muka sake yi mata rajista, muka sa ta lesin a Gyallesu. Bayan jarrabawar gwaji sai malamin lesin ya kira ni, ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba. Kusan duk abin da ta amsa daidai ne, amma ta bar fiye da kashi ɗaya cikin uku ba ta taɓa ba. Ba lokaci ne ya ƙure mata ba, ta gama da sauran lokaci ta naɗe hannu ta zauna. Da ya tambaye ta, sai ta ce waɗannan ba ta da yaƙini a kansu. Har da waɗanda ta san amsoshi biyu ba su ba ne, saura biyu, kuma zuciyarta ta fi karkata ga ɗaya, duk ta tsallake. Ta ce masa in ta danna ta dace, makin na wa ke nan, kuma wa ta ture daga gurbinsa da sa'a? Ashe abin da ya faru bara ke nan.

Na tura ƙanwar babanta ta yi mata magana, tunda ni da ita akwai nauyi. Ta saurara cikin ladabi, ta ce sai abin da Baba Malam ya ce. Shi malamin lesin, yaro ne mai kirki, sai ya ce bari ya zo ya gaida Malam ya yi masa bayani da kansa. Da na sani da na hana. Ya durƙusa a zaure ya ce ai Malam abin ba wuya, canki-canka ce kawai, ko ba ta sani ba ta danna ɗaya ta wuce. Baba Malam ya sa ya maimaita kalmar. Ya maimaita. Sai tsohon ya ce wato wasan da yara ke yi da gyaɗa a dunƙulen hannu, da shi yanzu ake zaɓen waɗanda za su ba mutane magani? Ya ce wannan da caca uwarsu ɗaya, kuma a gaban kowa ya ce wa Su'ad gara ta faɗi da gaskiyarta. Tun ranar aka rufe maganar. Maigidana, ma'aikacin gwamnati ne mai furfura, ya ce bai taɓa tsallake maganar mahaifinsa ba, ba zai fara a kan A da B ba.

Abin da ya fi cin raina, Goggo, ni kaina na san akwai gaskiya a maganar tsohon. Aji shida nake koyarwa. Da zango na biyu ya shigo mun daina karatu ke nan, sai koya wa yara cike gurbi da fensir, saboda abin da ake tambayar hedimasta shi ne yara nawa suka ci. Da bakina nake ce musu kada wanda ya bar gurbi fayau. Akwai yaro a ajina da ba ya iya karanta jimla ɗaya da Hausa balle da Turanci, amma in kin ga yadda yake cike gurbi tsaf sai ki ce akawu ne. Da safe in koyar da canki-canka, da yamma in dawo gidan da ake kiranta caca.

Ga surutun gari kuma. Kullum a rediyo ana musu, wasu a soke irin wannan jarrabawa don ta kashe karatu, wasu a bar ta. A taron iyaye da malamai na makarantarmu saura kaɗan dattawa biyu su cire hula. Abokiyar aikina Malama Asabe, 'yar Wusasa, ta ce mini a soke jarrabawar mu ga 'ya'yan wa za su shiga jami'a. Ta ce ita babanta manomi ne, bai san kowa a ofis ba, takardar da ba ta san sunan uban kowa ba ita ta fitar da ita. Ita ma ta faɗi gaskiya. Sai in dawo gida da ciwon kai, kowa yana da gaskiya, ni kuma ga 'yata.

Saura 'yan makonni a zauna jarrabawar. Su'ad ta gaya wa ƙanwar babanta in ta faɗi bana ba za ta sake ba, za ta ɗauka Allah bai rubuta mata ba. Na san halinta, in ta faɗa ta faɗa. Ƙawayenta da ta riƙa koya wa lissafi a tsakar gidanmu suna can jami'a, suna zuwa hutu suna ba ta labari tana murmushi.

Na yi tunanin in kira ta ɗaki in ce ta danna abinta, kada ta gaya wa kakanta. Sai in ga to na koya mata ƙarya ke nan don in raba ta da gaskiya. Baba Malam ya haura tamanin, idonsa ya yi rauni, ita ke karanta masa littattafansa. Ba na so a ce ni ce surukar da ta shiga tsakaninsu. Ba na kuma so in zuba ido yarinya ta rasa abin da take so saboda kalma ɗaya. Na gaji, Goggo. Ya zan yi?

Taki,
Malama Mai Alli, Birnin Zariya

*

Wa alaikumus salam, 'yata Malama.

Sau biyu na karanta wasiƙarki. A na farko na yi dariya wajen gishirin miya, ki yafe mini. A na biyu ban yi ba.

Fara sauke kaya ɗaya. Musun a soke jarrabawa ko a bar ta, tun ina da haƙorana duka ake yin sa, kuma za a binne ni a dawo a ci gaba. Jarrabawa mudu ce. Tana gaya miki yawan dawa, ba ta gaya miki daɗin tuwo, a nan Baba Malam da ciwon kanki sun yi gaskiya. Amma kasuwar da ba mudu, mai ƙarfin murya da mai ɗan'uwa a rumfa su ke kwashe hatsi, a nan kuma Malama Asabe ta yi gaskiya. Ba ke za ki raba wannan gardama kafin ranar jarrabawa ba. Ki bar wa masu rediyo, an biya su. Naki kayan yarinya ɗaya ce da tsoho ɗaya.

Mu da muka tashi a gaban kakanni, bayan tatsuniya akwai kacici-kacici. Kakarmu ta jefo tambaya, ka faɗi amsa, ta ce ba shi ba ne, a yi maka dariya, ka sake lalubo wata. Sai ka ƙure tunaninka sarai sannan ka ce ka ba ta gari, ta karɓi Kano ko Katsina ta faɗa maka amsar. In ka yi saurin ba da gari ba ka gwada ba, ba ta karɓa, cewa take yi garin rago ba ya ciyuwa a wajenta. Ba a taɓa kiran wanda ya faɗi amsar da ba daidai ba maƙaryaci ba, saboda mai tambayar ta riga ta san amsar, so take ta ga inda hankalinka ya kai. Ki lura da wannan, don a nan maganarku ta karkace. Baƙauyen da ya zo zauren Baba Malam da tambayar gado bai san amsa ba, kuma abin da aka gaya masa da shi zai je ya raba gona tsakanin marayu. Dole a ce masa Allahu a'alamu in ba a tabbatar ba. Wanda ya rubuta tambayar jarrabawa kuwa amsarsa na aljihunsa, ba wanda zai sha magani ko ya raba gado da abin da Su'ad ta danna. 'Yarki ta ɗauki ladabin fatawa ta shiga da shi wajen kacici-kacici, tana ta rabon garuruwa tun ba ta gwada ba.

Ban ga laifin tsohon ba. An kawo masa magana mai kyau a ƙazamin kwano, ya ƙi kwanon. Ni ma in aka ce mini da canki-canka aka zaɓi mai ba ni maganin hawan jini, sai na tashi zaune. Amma abu biyu ne aka cusa cikin kalmar nan. Akwai rufe ido a danna, akwai kuma wanda ya yi karatu, ya kore amsa biyu da hujja, ya auna biyun da suka rage, ɗaya ta fi nauyi. Na biyun ba wasan gyaɗa ba ne, kuma yana da suna a littattafan da Su'ad ke karanta wa kakanta. Rinjayen zato ake ce masa. Ni ba malama ba ce, amma tun muna yara aka koya mana cewa matafiyin da hadari ya rufe masa rana a daji, ya rasa alƙibla, ba ya naɗe hannu ya bar salla ta wuce. Yana duba alamun da ya samu, ya fuskanci inda zatonsa ya rinjaya, ya kabbara. Baba Malam ya fi ni sanin wannan nesa ba kusa ba. Ba a dai taɓa kawo masa maganar da wannan suna ba.

Don haka ga abin da zan yi in ni ce ke. Kada ki je masa da gardama, ki je da tambaya. Ki sa maigidanki gaba, ki gaya masa kai wa uba tambaya ba tsallake maganarsa ba ne, aikinsa kawai ya yi sallama ya zauna. Ku tafi da takardar tambayoyin shekarun baya. Su'ad ta karanta wa kakanta tambaya ɗaya daga cikin waɗanda ta tsallake, ta faɗa masa amsoshin da ta kore da dalilinta, da wadda zuciyarta ta karkata gare ta da dalilinta. Sannan a tambaye shi, wannan shaci-faɗi ne ko rinjayen zato, kuma mene ne hukuncin wanda ya bar shi? Kalmar canki-canka kuwa ku bar ta a ƙofar zaure tare da takalma, malamin lesin ma ya huta a Gyallesu ranar. Na daɗe da dattawan malamai. Ba sa son a ce su janye magana, amma suna son a ce su yi mata sharhi. Ki ba shi hanyar da zai rarrabe, ki ga in bai rarrabe ba.

Kafin ku je, ki tabbatar daga ƙa'idar jarrabawar ko ana rage maki in an amsa ba daidai ba, don in ya tambaya kada ke ma ki yi shaci-faɗi a gabansa, ya rufe littafi. Ita ma tambayar Su'ad, ta makin na wa, a ba ta amsa, don tambaya ce ta mai hankali. Ƙa'ida ɗaya aka shimfiɗa wa kowa a fili. Amsar da karatunta ya kai ta kusa da ita, karatunta ne, ba ta ɗauki na kowa ba.

In ya yarda da waɗanda zatonta ya rinjaya, ya hana waɗanda ba ta san komai a kansu ba, ku karɓa ku yi godiya, kada ku ja. Yarinyar da kusan duk abin da ta amsa daidai ne, wannan kaɗai zai ɗaga ta sosai, sauran kuma ta bar su da kwanciyar rai.

Shawarar kiran ta ɗaki a ɓoye, ki jefar da ita. Kin riga kin ga aibinta da kanki, kuma yarinya irin wannan ba za ta iya riƙe sirrin ba, ranar da za ta zauna karanta masa littafi muryarta za ta tona ta. In kuwa Baba Malam ya ƙi sam, to nauyin 'yar fari ya ɗan matsa gefe. Ki zaunar da ita da kanki, ba ta bakin ƙanwar babanta ba, ki gaya mata ra'ayinki da dalilinki, ki kuma sanar da tsohon cikin ladabi cewa kin gaya mata. Daga nan zaɓi nata ne, ta girma. Abu ɗaya za ki roƙe ta, ta janye maganar ba za ta sake ba. Mutum ba ya barin gurbi fayau da hannunsa sannan ya ce haka aka rubuta masa. Ko bana ba ta yiwu ba, akwai baɗi, akwai kuma wasu ƙofofin shiga aikin lafiya.

Ajinki kuma, ba zan ce ki yi faɗa da hedimasta ba, kina da cefane. Amma ki ɗan ware lokaci a mako ki rufe takardun cike gurbi ki karanta musu labari, ki zaunar da akawun nan naki kusa da ke ya bi da yatsa. Zai rage miki ciwon kan yamma.

Na bar mafi muhimmanci a ƙarshe. Garin gyara, kada ku kashe halin nan na Su'ad. Abin da kakanta ya dasa mata ya fi makin da take nema tsada, wurinsa ne kawai ba ɗakin jarrabawa ba. Na sha tsayawa a kemis in miƙa takarda, a kalli rubutun likita a karkace, a ɗauko mini wani abu da ƙarfin hali kamar an sani. Canki-cankar da nake tsoro ke nan, kuma ita Baba Malam yake tsoro.

Allah Ya huta gajiyarki, Ya ƙara wa Malam lafiya, Ya buɗa wa yarinya. Ki gaishe ta, ki ce Goggo ba ta karɓi garin ba, ta koma ta gwada. Ranar da ta tsaya a ɗakin magani da farar riga, in ina raye zan zo har Zariya da takardata, don kawai in ji ta ce mini, “Goggo, ban tabbatar ba, bari in duba.”

Goggo Sailuba